Ranar da Sujadar Inna Ta Yi Tsawo

Da kaka ne, a gidanmu na Yako, ban fi shekara biyar ba. Tun hantsi Inna take sussukar dawa ita kaɗai, har ƙaiƙayi ya rufe mata gira. Da aka kira la'asar ta shimfiɗa buhu a gindin rumbu ta tayar da salla. A sujadar ƙarshe ba ta ɗago ba.

Ina zaune kusa da ita ina kore kaji, sai ga Baba ya dawo daga gona yana neman ruwan sha.

Na ce, "Baba, yi a hankali. Inna tana gaya wa Allah magana, yau da yawa ce."

Ya tsaya ya saurara. Minshari take yi ƙasa-ƙasa. Ya je randa ya ɗebi ruwa da kansa, ya zauna nesa.

Da ta farka ta ga rana ta yi ja, ta hau salati. Ta ce, "Ke kuwa kina zaune, ba ki tashe ni ba?"

Na ce, "Ai Allah ma Yana ganinki, bai tashe ki ba."

Baba ya juya baya yana dariya. Ita ba ta yi ba. Ta goge ido, ta miƙe ta sake alwala.

Yau 'ya'yana biyar, na san irin barcin nan. Inna ta daɗe da rasuwa, kuma duk sanda na ce Allah Ya sa ta huta, hutun nake nufi da gaske.