Ranar da Iya Ta Yi Tatsuniya da La'asar

Shekarar da kogin Haɗeja ya ci ƙauyenmu, babana ya hau goran iyo ya koma don ya kwance awakinmu. Ya bar ni a kan tudu da kakata Iya. Har la'asar shiru. Na ƙi zama, sai leƙen ruwa nake.

Iya ta fizgo ni ta zaunar. Zaninta yana warin hayaƙin kifi. Ta ce za ta yi mini tatsuniya.

Na ce, "Iya, da rana? Ke kika ce mai yinta da rana ɓata yake."

Ta ce, "Ja'iri, garin ma ya ɓata. Saurara."

Ta soma labarin wani masunci da ruwa ya ja har gidan sarkin kifaye. Na dame ta da tambaya: gidan da ƙofa? Me suke ci? Tana amsawa, idonta na kan ruwa. Sai muryarta ta tsaya.

Na ce, "Ya dawo?"

Ta ce, "Iyakar sanina ke nan. Kai ka dawo da shi."

Na dawo da shi a kan bayan kada, da awakinsa, har da tsarabar alewa. Iya ta yi dariya tana share ido.

Babana bai dawo ba.

Ban yi boko ba. Yanzu ina bakin kasuwar Haɗeja ina gyaran komar kamun kifi, yara zagaye da ni ina yi musu tatsuniya. Farkon labaran na Iya ne, ƙarshen nawa. Har yau ban bar kowa a ruwa ba.