Kabad ɗin Inna Kaltume

Ja'afaru ya faɗa rumfa ta ƙarshe a kasuwar Panteka, rigarsa sharkaf da gumi, ya miƙa wa mai rumfar hoto a waya. Hoton wani tsohon taron suna ne. A bayan matan ana hango kabad na ƙarfe mai ƙofofin gilashi, shaƙe da langa da samira.

"Irin wannan? Alhaji, in nan ya zo ai tuni an yanka shi an ɗora a sikeli."

Ja'afaru ya karɓi wayarsa, ya ƙura wa kabad ɗin ido.

Kabad ɗin na mahaifiyarsa ne, Inna Kaltume. Tana amarya marigayi Malam Adamu ya saye shi a gwanjo, lokacin da wata masaƙa ta fitar da tsofaffin kayan ɗakin maganinta, aka turo mata shi Rafin Guza a kura. A ciki ta yi jerenta, a gabansa ta yi rainon 'ya'yanta kaf. Da ruwa ya ci gidan a daminar bana, suka kwaso ta zuwa gidan Ja'afaru a Malali. Ƙaninsa Salim, sarkin son sabon abu, ya dubi tsatsar da ta cinye ƙafafun kabad ɗin, ya kira 'yan jari-bola suka yi gaba da shi, ya sayo mata wani fari ƙal mai sheƙi.

Da ma mantuwa ta fara taɓa Inna. To daga ranar sai abin ya ɓalle gaba ɗaya. Kullum da safe ta ƙulle kayanta a zani ta zauna bakin gado. A kawo tuwo ta ture, a kawo kunu ta kau da kai, wai ita ba ta cin abinci a gidan mutane. 'Yarta Khadijat ta koma "baiwar Allah", Salim kuwa "bawan Allah". Suna ɗaya ne rak ke fita daga bakinta, tana kallon mai shi ido cikin ido.

"Ja'afaru, sannu da ƙoƙari. Ja'afaru, don Allah ka mayar da ni gida."

Likita ya ce in ba ta fara ci ba, sai dai a zura mata roba ta hanci. Ya ce a kewaye ta da abubuwan da idonta ya saba da su. Sannan ya dafa kafaɗar Ja'afaru ya ce, "Kai kam ka gode Allah, ko ba komai sunanka na bakinta." Khadijat ta sunkuyar da kai. Ja'afaru ya fita ya shige mota, ya yi kuka har ya gode Allah.

A can Panteka, ganin yadda Ja'afaru ya tsaya kamar zai faɗi, mai rumfar ya ji tausayinsa. Ya ce ya gwada unguwar Doka, akwai wani Habibu da ke bin 'yan jari-bola yana tsince tsofaffin ƙarafa, ya goge, ya sayar wa masu hali. Wai yanzu tsatsa ce ake yayi.

Yana shiga shagon Habibu ya ga kabad ɗin. An kankare shi, an shafe da mai, har da ɗan ƙwan lantarki a ciki. Amma ga gilashin hagu mai ratsin kore, wanda aka sauya bayan Salim ya fasa na asali da ƙwallo, ga kuma mariƙin da Malam ya kai aka yi wa walda a karkace.

Da ya tambayi kuɗinsa, Habibu ya girgiza kai. An riga an sayar, ga ma mai shi nan, Hajiya Balaraba, motar ɗauka take jira. Ya shiga nuna masa wasu: durowar maɗaba'a, akwatin ma'aikatan jirgin ƙasa, wani kabad da ya fi wannan kyau nesa ba kusa ba. Ja'afaru bai ko kalle su ba. Mutum darakta guda a ma'aikata, da furfurarsa da komai, sai ga shi ya zube gwiwa biyu a kan siminti.

"Hajiya, uwata ce ba ta cin abinci."

Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan. Hajiya ta ja da baya tana salati. "Tashi don Allah, kada ka ɗora mini alhaki! Habibu, a loda masa."

La'asar sakaliya aka shigar da shi ɗakin Inna. Khadijat ta kwance buhun da aka zuba kwanukan Inna, ta fara jerawa. Inna tana bakin gado da ƙullin kayanta a cinya, ko motsi babu. Ja'afaru ya tsaya bakin ƙofa yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa.

Can sai ƙullin ya zame ƙasa. Inna ta miƙe da kyar, ta shafa gilashin kore, sannan ta kaɗe hannun 'yarta.

"Ke Khadijatu, a gidan wa kika ga ana ɗora langa kan samira? Salim, kai kuma meye ka yi tsuru-tsuru? A ɗumamo min kunu, yunwa nake ji."

Salim ya kwasa da gudu. Khadijat ta fashe da kuka, ta kamo hannun uwar ta juyo da ita wajen ƙofa. "Inna, wannan fa? Waye wannan?"

Inna ta yi masa kallo ɗaya, ta yi maza ta kau da fuska, ta ja mayafi ta rufe baki.

"Ji marar ta-ido. Ki ce wa wancan ya daina tsayuwa a kan mutane, ya je ya ci abinci."

Ja'afaru ya sulale jikin ƙofa ya zauna dirshan, yana dariya hawaye na zuba, yana ta hamdala. Shi ne ɗanta na fari, kuma tun ranar da aka raɗa masa suna kunya ba ta taɓa barin Inna ta ambace shi ba, sai da ciwo ya mayar mata da shi wani baƙo da ta ji ana kira Ja'afaru.