Ninki Uku Don Gorban Mai Shebur

"Haji Nosrat, kuɗi ne suka yi maka yawa?" in ji Parviz, maƙwabcin shagonsa a birnin Hamadan na Iran. "Motar kamfani minti biyar take kwashe dusar ƙanƙara. Kai kana biyan Gorban mai shebur ninki uku, ya wuni yana zuba surutu!"

Haji ya leƙa waje. Ashe motar ta haɗa da ƙofarsa, ta share tas, kyauta.

Ke nan yau Gorban ba shi da aiki a nan. Tun rasuwar matarsa ba mai zama da shi sai Gorban.

Ya ɗauki bokiti, ya dinga dawo da ƙanƙarar bakin ƙofarsa yana haki. Sannan ya jera kofin shayi biyu.

Gorban ya iso, ya dubi tulin mai shatin bokiti, ya jingine shebur.

"Kai, Haji! Wannan aiki ai sai mun kai magariba."