Mahaucin da Ya Tsallake Buhu Biyu

Malam, na ji an ba ka yara ka shirya su gasar da za a yi nan da wata biyu, har ka sa mai walda ya haɗo maka ƙarafan ɗagawa. To, kafin ka ɗora musu, zauna ka ji misalin wani mahauci.

Mahaucin nan ya yi dambe a zamaninsa, sai dai ba ya cikin waɗanda makaɗa suka gaji da yi wa kirari. An kayar da shi fiye da yadda ya kayar, kuma abin bai bar ransa ba har furfura ta fito masa. Sai Allah ya ba shi ɗa mai zafin nama, wanda tun yana shekara goma sha uku in ya kai naushi ba ka ganin tafiyar hannun, sai dawowarsa. Uban ya dube shi ya ce a ransa, ga mai wanke mini kunya. To, a gidansu akwai ƙa'idar horar da hannu da suka gada kaka da kakanni. Buhu huɗu ake rataya wa yaro a reshen darbejiya, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya shekara yana naushinsa: na ƙaiƙayi, sannan na dusa, sannan na gero, sai daga ƙarshe na yashi, lokacin da ƙashi ya nuna. Mahaucin ya san wannan sarai, don shi ma haka ubansa ya bi da shi. Amma kaka ta matso, za a buɗe fagen dambe a garin, ga shi an ce ɗan mutumin da ya taɓa shimfiɗe shi a gaban jama'a zai shiga. Sai ya kwance buhun ƙaiƙayi tun bai yi wata biyar a rataye ba, ya tsallake dusa da gero, ya gangara rafi ya ciko yashi, har da yayyafa masa ruwa don ya ƙara tauri. Wai shi a dole icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya manta ɗanyen ma in aka matsa masa tsagewa yake yi.

Naushi ɗari da safe kafin a tafi kwata wurin yanka, ɗari da la'asar. Yaron ya yi ta daurewa, domin a gidan mahauta ɗan dambe ba ya cewa wayyo. Ran nan suna cin tuwo a akushi ɗaya, sai uban ya ga yaron ya ɓoye hannun dama a cinya, ya miƙo hagu ya yanki loma. Ya daka masa tsawa ya ce, “Kai! A gidan nan aka koya maka cin abinci da hagu?” Yaron ya sunkuyar da kai, ya fito da daman, ya kai loma baki da ƙyar, gumi na tsattsafo masa a goshi. Uban ya ga gumin da idonsa, ya ɗora wa yajin miya laifi. Tarbiyya ya gyara a ranar, bai ce mu ga hannun ba.

Ranar fage, da ya zo naɗa masa hannu, sai zaren ya ƙare bai kai inda ya saba kaiwa ba. Kumburi ne, amma shi murna ya yi, ya ce hannu ya cika. Aka saki kalangu, yaron ya shiga. Naushinsa na farko ya sauka a gwiwar hannun abokin karawarsa, aka ji ƙas kamar an taka busasshen kara, sai ga yaron durƙushe a ƙasa ba wanda ya taɓa shi. Mai ɗori ya lalubi wuyan hannun, ya ɗago ya dubi uban ya ce, “Wannan ba karayar yau ba ce. Ƙashin nan ya kai sati uku a tsage.” Mahaucin ya lissafa baya, lissafi ya kai shi daidai ranar akushin nan. Aka yi ɗori, hannu ya warke a karkace, yatsun ba sa damƙa. Dambe ya tafi, riƙon wuƙar fiɗa ma ya tafi, sana'ar gidan ta koma hannun 'ya'yan ƙanensa.

Yaron bai taɓa yi wa ubansa gori ba, kuma wannan ne ya fi ci wa tsohon rai. Uban ya yi shekara ashirin da wani abu bayan nan, kullum a akushi ɗaya suke ci, kullum yana kallon ɗansa, magidanci da 'ya'yansa, yana yankar tuwo da hagu. In baƙo ya zuba wa hannun ido, sai tsohon ya kau da kai. Har ya koma ga Allah bai yafe wa kansa tsawar nan ba.

Malam, yaran da ke hannunka su ma ba za su ce maka wayyo ba, don so suke su burge ka. Kai ne za ka duba, kai ne za ka tambaya. Gasa tana dawowa baɗi, amma ƙashin yaro in ya karkace ya karkace ke nan. Hausawa sun faɗa tun kafin a haife mu: zafin nema ba ya kawo samu.