Sunan Farida a Wayar Misbahu

Tun shekarar da rake ya yi araha a Gazara Misbahu ya san Radiyya. Saura wata guda bikinsu ya zo zance, ta bi yatsansa da ido yana buɗe asusun bankinsa a waya. Sunan Farida, tsohuwar budurwarsa, ya rubuta a matsayin kalmar sirri.

Ta naɗe tabarma. "Tashi ka je ka aure ta, Malam."

"Mantuwa ce, wallahi. Bari in sa naki."

"Nawa? Duk Gazara an san shi. Ko ɓarawo zai canka."

Ya rubuta doguwar kalmar sirri haɗe da lambobi, ya miƙa mata wayar. Maganar da ta fara faɗa masa ce a duniya: "Matsa, ka taka mini rake."

Ta karanta sau biyu, ta sake shimfiɗa tabarmar.