Ta Zo Ɗaukar Auta

Tun daga bakin ƙofa Mama Tela ta ƙara matse jakarta a hammata. Wurin bai yi mata kama da coci ba ko kaɗan. Babu benci, babu littafin waƙoƙi, sai kujerun roba jere reras, da makeken allon majigi mai sauya launi, da lasifikoki da suka fi ta tsawo. Dama ba sujada ta kawo ta ba. Auta ta zo ɗauka.

Auta shi ne ɗanta na ƙarshe, ɗan shekara goma sha tara, mai hannu a aikin kafinta, har ran da ganga ta shiga kansa. Ya ajiye zarto ya bi mutanen nan masu jita, kuma rabon da ya zauna ya ci abinci a gabanta har ta manta. Ta ci alwashin yau ko da kunne ne sai ta ja shi gida.

Matar da ta rako ta, wata mai sanyin murya da ta ce hanyarsu ɗaya, ta kama mata gwiwar hannu a kan matakala. Mama Tela ta fizge. Ita ba ta yarda da kirkin da ya yi yawa tun ba a san juna ba.

Gaisuwar ce ta fara tsaya mata a rai. Kowa sai "Sannu da zuwa, Mama," har da rusunawa, amma ba wanda ya tambaye ta daga ina take. Aka kai ta layi na biyu, aka zaunar da ita a kujera ɗaya tilo mai matashi, daidai inda iskar fanka ba ta kaiwa. Wa ya gaya musu fanka na tayar mata da ciwon kafaɗa? Lallai an yi bincike a kanta. Haka suke yi, in sun kama ɗa sai su lallaɓo uwa.

Kiɗa ya tashi har ƙirjinta na amsawa. Ta miƙa wuya tana duba masu kiɗan ɗaya bayan ɗaya. Ba Auta. Wata budurwa ce ma ke dukan gangar, kuma da suka haɗa ido, mara kunyar har ɗaga mata sanda ta yi tana murmushi. Mama Tela ta kau da kai. Can sai ta ji bakinta na rera waƙar, har yana riga rubutun da ke fitowa a allo. Ta yi maza ta datse leɓe. Ashe waƙoƙin nasu ma ba haka kawai aka bar su ba.

Abu ɗaya ne ya burge ta a wurin, shi ne farin ƙyallen da aka shimfiɗa a teburin gaba. Kalmasar hannu ce, zare bai kauce ko sau ɗaya ba. Ko wace ce ta yi aikin nan, ita kanta ba za ta fi ta ba.

Faston ya fito ba babbar riga ba komai, sai tabarau da furfura a gemu. Yana wa'azi idonsa na dawowa kanta, kuma lokaci lokaci ya sosa bayan kunne. Haka marigayi mai gidanta yake yi in yana ɓoye magana. Ta gyara zama. Wannan mutumin ya san inda ɗanta yake.

Da ya gama, sai ya ce in akwai wanda yau ne zuwansa na farko, ya miƙe a yi masa maraba. Ita kaɗai ta miƙe. Aka ɗauki tafi, aka rera mata waƙar maraba, wasu mata har da share ido. Waƙa ta ƙare, Mama Tela ba ta zauna ba.

"Ni ba tafi na zo karɓa ba," ta ce. "Ɗana na zo nema. Auta, mai kaɗa muku ganga. Ku fito min da shi."

Ba fuskar da ta nuna mamaki, kuma wannan ya fi komai ba ta tsoro. Faston ya ajiye makirfo, ya sauko, ya durƙusa a gabanta.

"Mama, Auta yana nan lafiya. Yana cin abinci, bai rame ba."

"Kai ka ɓoye shi ke nan."

"Ban ɓoye shi ba. In an tashi, ni da kaina zan kawo miki shi har gida."

"Ka san gidan ne?"

"Na sani, Mama."

Ta daɗe tana kallonsa, tana neman ƙarya a idonsa, ba ta samu ba. "In ka yaudare ni, Allah na ganinka."

"Na ji. Amma in ya zo, don Allah kada ki yi masa faɗa da yawa."

"Wa ya ce maka faɗa zan yi?" in ji ta. "Kewarsa nake yi."

Ta zauna a hankali, wannan karon ta bar matar da ta rako ta ta riƙe mata hannu. Matar ta dubi faston, ta girgiza kai kaɗan, shi kuma ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa kafin ya iya komawa ya rufe da addu'a.

Shekara talatin ke nan da Auta ya ajiye ganga ya zama fasto. Shekara uku ke nan da ciwon mantuwa ya kama mahaifiyarsa, kuma kowace Lahadi matarsa ke rako ta cocin nan, ita kuma uwar, da take ganin zuwanta na farko ke nan, ta tsaya a gabansa tana roƙonsa ya dawo mata da ɗanta.