Muryar Hajiya Tabawa

Shekara uku ina amsa wayar shagon turaren Hajiya Tabawa na Gusau daga ɗakina a Funtuwa. Dokar kamfani guda ce: na'ura ke juya muryata ta zama ta mai shago, ma'aikaciyar da ta kashe na'urar kuwa ta bar aiki. Da digirina na jure, ban roƙi kowa ba.

Jiya Hajiya ta rasu. Yau da safe ƙanwarta ta kira wayar shagon daga ƙauye tana kuka.

Aiki ya tafi in zai tafi. Na kashe na'urar na ce, "Inna, ya haƙuri? Sahura ce, mai amsa waya."

Sai ta ce, "Yaya Tabawa, ashe can ma ana ɗaga waya?"

Na duba na'urar. A kashe take.